Ranar da Baffa Sanusi Ya Tuƙa Jirgi

BABI NA TARA

Tun daga ƙarar babur Suwaiba ta gane Baffa Sanusi ne ya iso, kuma tun daga sallamarsa ta gane ba da alheri ya zo ba. Baffa mutum ne da ba ya shiga gidan yayansa Malam Yahuza sai ya cika tsakar gida da tsokana, ya kushe tuwon Inna tun kafin a tuƙa shi, ya tambayi Suwaiba ko har yanzu ɗalibanta sun fi ta iya lissafi. Yau kuwa sallama ɗaya ya yi, ya wuce zaure. Ko ruwan da ta kai masa bai ɗaga kai ya duba ba.

Ta koma madafa ta zauna a kan turmi, tana juya miyar da ba ta buƙatar juyawa.

Jiya ne Baffa ya je Ƙanƙara binciken Uwais. Jiya ne kuma wayar Uwais ta daina shiga, tun kafin azahar, har zuwa wannan hantsin.

An daɗe ana jan maganar nan a gidan. Uwais yana sonta, tana sonsa, kowa a unguwarsu ta Faskari ya sani. Baba bai taɓa cewa yaron yana da mugun hali ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne sana'a. Uwais shago gare shi a bayan tashar Ƙanƙara, inda samari ke zama gaban kwamfuta su tuƙa jirgin sama na wasa. Baba ya ce shi dai tun da yake bai taɓa jin an riƙe gida da jirgin da ba ya tashi ba.

Ga kuma Abdulgafar, ɗan garin Sabuwa, mai safarar masara, wanda magabatansa suka riga suka zo gaisuwa da goro da mutunci. Baba ya faɗa a fili cewa ba zai yi wa Suwaiba dole ba, malamar makaranta ce, ba yarinya ba ce. Amma shi ma ba wanda zai yi masa dole ya ba da 'yarsa inda hankalinsa bai kwanta ba.

Sai da Inna Hajaratu ta yi ta lallashi kafin ya yarda a tura Baffa Sanusi daga 'Yankara ya je ya gano yaron a ɓoye, kamar yadda ake yi. A ga yadda yake da mutane, a ji abin da gari ke faɗa a kansa, ba tare da ya san ana kallonsa ba.

To, a nan ne Suwaiba ta yi wayon da ya fi ƙarfinta.

Wata rana ta kai abinci zaure ta ji Baffa yana cewa ranar kasuwar Ƙanƙara zai je. Ai kuwa tana fitowa ta shige ɗaki ta kira Uwais. Ba kiran kaɗai ba, har hoton Baffa na bikin wata 'yar uwarsu ta tura masa, don kada ya ɗauke shi wani baƙo.

Ita ta san abin da take tsoro, domin ta taɓa leƙa shagon tare da ƙawarta Bilki. Abin da ake tuƙa jirgin da shi samari suna ce masa hannun gem. Sanda ce gajera a dashe a kan gindi mai faɗi, ka riƙe ta ka karkata, jirgi ya karkata a jikin allo. Na Uwais kuwa ba irin na ko'ina ba ne. Akwai ƙananan injuna a cikinsu, in iska ta bugi jirgi sai sandar ta ture hannunka, in ka yi juyi da ƙarfi ta turje maka, in ka sauka a ƙasa ka ji karon har a kafaɗa. Wannan turjiyar ce ke kawo samari tun daga Tafoki.

Sai dai wajen muni ba a magana. Baƙaƙe ne, tsofaffi, 'yan gwanjo, masu nauyi kamar dutsen niƙa. Robar jikinsu ta cinye saboda gumin hannu, ɗaya an naɗe shi da salatif, ɗaya an ɗaure wayarsa da robar taya. Uwais yana ji da su kamar 'ya'ya. Yakan buɗe su ya share ƙura, ya shafa musu mai, ya ce sun girmi rabin masu riƙe su, kuma har yau ba wanda ya taɓa cin haƙoran injinsu.

A ƙarƙashin tebur kuma akwai kwali cike da sababbi, waɗanda wani dila ya kawo masa daga Kano ya ce ya gwada kasuwarsu. Masu ƙyalli, ja da shuɗi, da fitilu suna walƙiya. Uwais ya gwada biyu, kafin mako ya zagayo duk sun mutu. Injinsu zafi yake yi, haƙoran da ke juya sandar na roba ce mara kauri, ga zafin gari, ga hannun samarin da suka saba da fartanya. Ya mayar da su kwali ya ce ba zai sayar wa kowa ba, sai dai mai su ya zo ya kwashe abinsa.

Suwaiba ta ce masa ya ɓoye baƙaƙen, ya jera sababbin.

Ya ce mata ai ba su da ƙarko. Ta ce na yini ɗaya ne. Ta ce Baffa dillalin shanu ne, da ido yake saye, in ya ga salatif da robar taya zai dawo ya ce wa Baba bola Uwais yake gadi. Ta kuma san halinsa na kushe kayansa da bakinsa, don haka ta sa shi ya yi mata alkawari: duk abin da Baffa ya tambaya, kada ya aibata komai a shagon.

Ya ƙi. Sai da ta saka masa kuka, ta ce ashe tsofaffin ƙarafa sun fi ta daraja a wurinsa, sannan ya ce to.

Ranar har murna ta yi, tana ganin ta gyara wa kanta aure. Ni dai ban taɓa ganin wayon da ke saurin tsufa irin na masoyi ba.

Tana nan zaune a kan turmi wayarta ta yi motsi. Ta duba, ta ga Uwais ne. Ta ajiye ludayi ta zagaya bayan rumbu, inda ba mai jin ta sai awaki.

Muryar Uwais ta dushe kamar wanda ya kwana da mura. Bai tsaya dogon gaisuwa ba, ya shiga ba ta labari, ita kuma ta jingina da rumbu tana saurare.

Baffa ya zo da hantsi, ya ce shi mutumin Tafoki ne, yana so ya buɗe wa ƙanensa irin wannan shago, ya zo ganin kaya. Uwais ya gane shi tun daga bakin ƙofa. Ya shimfiɗa masa fuska, ya zaunar da shi a kujera, ya ɗora hannunsa a kan sabon hannun gem mai fitilu, ya tayar masa da jirgi.

Abin mamaki, abin ya burge Baffa. Da sandar ta fara ture shi sai ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce wannan ai kamar jan bijimi ne a kasuwar kara. Ya karkata hagu, ya karkata dama, har hularsa ta zame. Uwais ya ce a lokacin har ya fara jin sanyi a ransa, yana cewa Suwaiba ta yi gaskiya.

Sai Baffa ya saki sandar, ya juyo ya dube shi ido cikin ido.

"Ya ce mani, 'Yaro, tsakaninka da Allah, wannan abin yana da ƙarko?'"

Suwaiba ta runtse ido. Ta ce, "Mi ka ce mashi?"

"Na tuna alkawarin da na yi maki." Ya rage murya. "Na ce wallahi Alhaji yana da ƙarko, sai ka gaji da shi."

Hawaye suka zubo mata. Ta san Uwais. Mutumin da ko a ciniki ba ya cewa wallahi, wanda abokansa ke yi wa tsiya cewa gaskiya ce za ta hana shi arziki.

Ya ci gaba. Baffa ya gyaɗa kai ya koma kan sandar. Jirgi ya shiga hadari, iska ta fara fizgarsa, sandar ta fizge hannun Baffa zuwa gefe. Shi kuwa mutumin da ya saba da igiyar shanu, ya fizgo ta da ƙarfinsa. Sai aka ji ƙas a ciki, sannan wani gurnani na haƙoran da suka cinye. Sandar ta kwanta laƙwas, fitilun suna ta walƙiyarsu, jirgi ya sulala ya faɗi a jikin allo. Rantsuwar ko bushewa ba ta yi a bakinsa ba.

Da a nan abin ya tsaya, da sai a ce tsautsayi. Amma daidai lokacin Abdulgafar ya ɗaga labule ya shigo. Duk ranar kasuwa in ya gama da masararsa yakan biyo ya tuƙa jirgi. Sun san abin da ke tsakaninsu shi da Uwais, amma ba su taɓa bari ya hana su gaisawa ba. Bai lura da wanda ke zaune ba, bayansa kawai yake gani. Ya dubi tebur ya yi dariya, ya tambayi Uwais yaya aka yi ya fito da waɗannan, ba shi ne ya ce musu ko mako ba sa yi ba, ina baƙaƙen?

Sai da Baffa ya juyo sannan Abdulgafar ya gane shi. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya rasa inda zai sa kansa, ya fice ba tare da ya zauna ba.

"Da gangan ya yi," in ji Suwaiba cikin kuka.

"A'a, Suwaiba. Kada ki ɗaukar mashi alhaki. Abin da na sha gaya masu ne ya maimaita."

Ta so ta tsani Abdulgafar a lokacin, ko don ta sami wanda za ta ɗora wa laifi, amma ta kasa.

Baffa ya ce a kawo masa baƙaƙen. Uwais ya jawo buhu daga bayan labule, ya fito da mai salatif ɗin, ya jona. Baffa ya ce a mayar masa da hadarin nan. Ya riƙe sandar da hannu biyu, ya ja, ta ja, ya danne, ta turje, har gumi ya tsattsafo masa. Ko gezau abin bai yi ba. Ya sauke jirginsa a gona, amma ya sauke shi.

Sannan ya tashi ya gyara hularsa, ya ce wannan ai shi ne kaya, me ya sa aka ɓoye shi a buhu? Uwais ya sunkuyar da kai. Baffa ya jira, ya jira, sannan ya yi sallama ya fita.

"Na rufe shago, na kashe waya," in ji Uwais. "Ba don ina fushi da ke ba. Kunyar kaina nake ji."

"Ni na jawo maka. Ka ce mani ba su da ƙarko, na ƙi ji. Na yi maka kuka har ka yarda. Wallahi da na san..."

"Ki bar rantsuwa, Suwaiba. Ta ishe mu haka."

Ta toshe baki da gefen mayafi don kada Inna ta ji. Ta ce za ta je ta gaya wa Baba komai, ta ce ita ce ta sa shi, ita ce ta tsara, shi bai so ba.

Ya ce kada ta soma. Ya roƙe ta da girman Allah. Ya ce shi ya buɗe baki ya rantse, ba ita ba, kuma namijin da zai laɓe a bayan mace don ya wanke kansa bai cancanci a ba shi ita ba. Ya ce ta bar shi ya ɗauki abin da ya shuka, in an hana shi ita, to an hana shi, amma kada sunanta ya ɓaci a wurin mahaifinta.

"In an hana ka ni, mi sunana zai yi mani?" ta ce.

"Ki yi shiru dai. Wannan karon ki bar ni in ce a'a, ki ji."

Ta ce to. Amma irin "to" ɗin da ake faɗa don a kashe waya.

Tana zagayowa ta yi kiciɓis da Inna a bakin madafa, miya ta kama, ƙauri ya cika gida. Inna ta dubi idanunta sau ɗaya, ta sauke tukunya, ta ja ta ɗaki ta turo ƙofa.

Ba ta wahalar da Inna ba. Ta faɗa jikinta ta kwashe komai ta gaya mata, tun daga abin da ta ji a zaure har zuwa hoton.

Inna ta ɗago ta daga jikinta. Sannan ta ce, "Hoto, Suwaiba? Hoton ƙanen ubanki kika tura ma saurayi?"

"Inna, tsoro nake ji kada a raina shi."

"To ga shi kin sa an raina shi da dalili."

Maganar ta soke ta. Ta ce za ta gyara, za ta faɗa wa Baba gaskiya, in ya so ya yi fushi da ita, amma ya san Uwais ba maƙaryaci ba ne.

Inna ta riƙe mata hannu da ƙarfi. Ta ce ta kama bakinta. Ta ce maza suna zaure tun hantsi, Suwaiba ba ta san me suke ƙullawa ba, ita Inna ma ba ta sani ba, kuma maganar da aka daɗe ana yi ba a gama yanke ta ba ke nan. Ta ce ta zauna da Malam tun kafin a haife ta, ta san abin da yake yafewa da abin da ba ya yafewa. In ya kira ta, ta durƙusa ta saurara har ya kai aya.

Suwaiba ta sunkuyar da kai. A zuciyarta kuwa cewa take Inna dai sunan gida take karewa, ko kuma dama can Abdulgafar take so. Ta manta cewa Innar nan ce ta yi ta lallashi har aka tura Baffa. Wanda ke cikin nadama ba ya ganin mai taimakonsa, gyara kawai yake nema, ko ta wace hanya.

Aka yi azahar, aka kai abinci zaure, aka dawo da shi kusan yadda aka kai. Suwaiba ta yi salla ta zauna a kan darduma tana jera maganar da za ta faɗa. Duk yadda ta juya ta, abu ɗaya take gani: Uwais a tsaye a shagonsa, kansa a ƙasa, ana tambayarsa me ya sa, shi kuma ya yi shiru don ita.

Kafin la'asar aka ce Baba yana kira. Baffa yana so ya kama hanyar 'Yankara da sauran rana, don yanzu ba mai bin hanyar nan da yamma.

Ta sa hijabi ta shiga zaure. Baba yana zaune a kan buzu, carbi a hannu. Baffa yana gefe, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ta durƙusa daga nesa ta gaishe su.

Baba ya ce Baffanta ya je Ƙanƙara ya dawo, kuma tun da rayuwarta ce, ya ga ya dace ta ji da kunnenta. Ya ba ta labarin shagon daki-daki, a hankali, ba faɗa. Da ya zo kan rantsuwar sai muryarsa ta yi nauyi. Ya ce ta san shi, zai iya zama da talaka, zai iya zama da mai ƙaramar sana'a, amma mutumin da ke kiran sunan Allah a kan abin da ya san ƙarya ne, wannan abu ne mai girma.

Ya ja numfashi zai ci gaba.

Ita kuwa ta ɗauka hukuncin ne zai biyo. Abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta, shi ta yi. Ta katse mahaifinta.

"Baba, don Allah ka yafe mani. Ba laifin shi ba ne, laifina ne."

Baba ya tsayar da carbi.

Ta ci gaba, kuka yana sarƙe ta. Ta ce ita ta ji ranar da Baffa zai je, ita ta kira Uwais. Ta ce ya gaya mata sababbin ba su da ƙarko, ya ƙi, ita ta matsa, ta yi masa kuka, ta sa shi alkawarin kada ya kushe komai. Ta ce Uwais bai taɓa sayar wa kowa ko ɗaya ba, a tambayi duk Ƙanƙara. Ta ce ko ɗazu ya roƙe ta ta yi shiru don kada sunanta ya ɓaci. Ta ce in akwai wanda za a hukunta, ga ta.

Da ta gama sai ta ji wani sauƙi a ƙirjinta, irin na wanda ya sauke kaya. Ta ɗan ɗaga ido tana jiran ta ga fuskar Baba ta saki.

Ba Baba ne ya yi magana ba. Baffa ne, kuma a hankali.

"Suwaiba, tsaya. Kina nuhwin ya san ni ne?"

"Eh, Baffa."

"Ai bai taɓa ganina ba."

"Na tura mashi hotonka."

Baffa ya dubi hular da ke gwiwarsa. Ya juya ta, ya sake juya ta. Sannan ya ce, "Ashe da ya zaunar da ni yana ce mani Alhajin Tafoki, ya san ko ni wane ne. Ashe da na ce mashi tsakaninka da Allah, ya san Baffanki ne ke tambaya."

A nan ne sauƙin da ta ji ya fara juyewa ya zama wani abu mai sanyi.

Baba ya ajiye carbi a kan buzu. Ya ce da ta bari ya kai ƙarshen maganarsa, da ta ji sauran. Baffa da ya bar shagon bai kamo hanyar gida ba. Ya zaga gari har yamma, ya kwana a can. Ya tambayi maƙwabtan shago, ya tambayi limamin unguwa, ya tambayi iyayen samarin da ke zuwa wurin. Bakinsu ɗaya: yaron ba ya ƙarya, ba ya barin a yi caca a shagonsa, in an kira salla yana kashe komai. Wani ma ya ce ya taɓa zuwa sayen mai fitilun nan, Uwais ya hana shi, ya ce asara zai yi.

Tun hantsi abin da Baffa yake yi a zauren nan ke nan, roƙo. Yana cewa ɗan kasuwa ne ya ga baƙo da alamar ciniki, shaiɗan ya zuga shi sau ɗaya, Allah kuma ya tona shi nan take, kuma yadda ya ga kunya ta rufe yaron, ba zai sake ba. Ba a yanke wa mutum hukunci da zamewar ƙafa ɗaya.

"Na saurare shi," in ji Baba. "Ƙaryar ciniki ga baƙo, da tuba, ana wuce ta. Amma wannan ba ciniki ba ne. Shiri anka yi mamu, ni da ƙanena. Ya san dalilin zuwan, ya san abin da ake auna, ya dubi idon wanda zai zama surukin shi ya rantse."

"Baba, ni na sa shi."

"Na ji. Shi ya hi tayar mani da hankali, ɗiyata. Ya san gaskiya, ya hwaɗa maki ita, kika yi kuka ya sake ta. Gobe in wani ya yi mashi kukan da ya hi naki, ke zai rantse mawa."

Ta rarrafo kusa da buzun, tana roƙo, tana cewa ba haka yake ba, so ne ya ja shi, ita ce ba ta da hankali. Ta juya wajen Baffa ta ce ya sa baki, shi da ya ga yaron da idonsa, shi da ya ji abin da gari ya faɗa.

Baffa ya ɗauki hularsa ya sa. Idonsa ya yi ja. Ya ce tun safe yake kare mutumin da ya ɗauka bai san shi ba, yanzu kuwa ba shi da bakin magana.

Baba ya ce maganarsa ta farko tana nan, ba zai yi mata dole a kan Abdulgafar ko wani ba, ta zauna a gidansu har Allah ya kawo wanda ta yarda da shi. Ya ce ya yafe mata abin da ta yi, domin ta faɗi gaskiya da bakinta. Amma Uwais, a gaya masa ya yi haƙuri, bai ba shi ba.

Ta kifa kai a ƙasa. Kukan ma ya ƙi fita.

Baba ya miƙe zai raka ƙanensa. Da ya kai bakin ƙofa sai ya tsaya, bai juyo ba. Muryarsa ba ta fushi ba ce, ta mutumin da shi ma aka yi wa rashi ce.

"Har kika shigo zauren nan, Suwaiba, abin da na kira ki in hwaɗa maki shi ne, ki ce ya turo magabatan shi ranar Juma'a."